Tambayi Makanike: ƴar motar gayu mai injin markaɗe

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan karon saƙonni sun taru kan abu guda, ƴan motocin nan ƙanana da matasa ke gani a waya ana haɗawa da injin ban ruwa ko na markaɗe, jiki irin na motocin da, gudu kuwa ba wani gudu ba. Na haɗa waɗanda sunka yi kama da juna na amsa tare, wanda bai ga nashi ba ya yi haƙuri ya duba, ƙila amsarshi na cikin ta wani.

Tambaya daga wani manomin albasa a wajen Galmi: Salam Malam ya aiki ya iyali. Ina da tsohon motopom da wajen jan ruwan ya lalace amma injin lahiya lau ja ɗaya yake tashi, ƙanena ya nuna mini bidiyon wata ƴar mota da turawa sunka yi da irin injin nan, ya dame ni sai mun yi tamu. Dan Allah wannan abin gaskiya ne ko haɗin waya ne, kuma injin nawa zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da kasuwar albasa. Abin gaskiya ne ba haɗin waya ba, kuma ya daɗe. Tun wajen 1930 matasan kudancin Kalifoniya a Amurka ke sayen tsohuwar Ford mai arha, irin Model T da anka yi daga 1908 zuwa 1927, su cire mata rufi da duk wani nauyi su ƙara ma inji ƙarfi su tai busassun tafkuna su yi tsere, wannan ita ce ake ce ma hotrod. Daga baya a 1956 wani mai suna Art Ingels ya haɗa ƴar kurar tsere ta farko da injin yankan ciyawa, sannan a 1995 wasu sunka fito da salon Cyclekart, tayun moto huɗu masu inci 17 da injin Honda GX200 a bayan kujera da jiki irin na motocin tseren shekarun 1920. To abin da ƙanenka ya gani jikan waɗannan ne, siffar hotrod amma zuciyar ta injin aiki, ana yinta don kyau da nuna gwaninta hannu ba don a wuce kowa a hanya ba.

Injinka kuma, in irin GX160 ne mai cc 163 ko GX200 mai cc 196 ko ɗan China da ke kwaikwayonsu wanda za ka ga an buga 168F a jikinshi, ƙarfin ya isa har ya yi saura, doki biyat zuwa shidda da rabi ai ba wasa ba ne ga abin da zai ɗauki mutum ɗaya. Matsalar ba ƙarfi ba ce, sandar da ke fitowa daga cikin injin ce. Kwance kan famfon ka cire fankar ruwan ka duba da idonka, za ka tarar bakin sandar zare ne da ita kamar noti, don fankar ɗaure ta ake yi da murɗawa, kuma sau da yawa tsatsa ta ci wajen saboda ruwa. Kulocin da muke so kuwa, wato abin da ke kai juyin inji zuwa sarƙar taya, sanda miƙaƙƙiya yake shiga, mai kauri mili 19 ko 20, mai tsaga a tsaye inda ake sa ɗan makullin ƙarfe. Injin gurup, wato janaretan wuta, shi ma ba ya yi kai tsaye, tashi sandar tsukakkiya ce tana sirancewa wajen baki, ga shi an saita shi ya tsaya kan juyi 3000 a minti don wuta, ba a yi shi don a riƙa taka totur ana saki ba. Wanda ya fi dacewa shi ne injin markaɗe ko na niƙa mai juya bel, don shi dama da miƙaƙƙiyar sanda ya zo.

To kana da hanya biyu, ko ka sai kuransha, wato babbar sandar cikin inji, mai miƙaƙƙiyar sanda ta irin injinka makanike ya canza maka, ko ka sayar da wannan ka cika kuɗi ka sai na markaɗe. Ni ta biyun na fi so. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kama pinyo, wato faifan haƙoran da sarƙa ke hawa, a yi mishi walda kan sandar, zafin walda na ƙone robar da ke tare baƙin mai, kuma da wuya ya zauna daidai tsakiya, yana juyawa yana rawa har ya cinye rulma, ranar da ka so cirewa kuma sai dai a yanke.

Tambaya daga wani mai walda a Katako, Yamai: Maigida barka da aiki. Ni na riga na gama tawa, shasi da komi, tayun moto na sa, kuloci mai haƙora 10 na ja sarƙa kai tsaye zuwa pinyon baya mai haƙora 40. In an ɗaga bayan taya na juyawa kamar mi, amma ina zama ciki sai ta riƙa kuka tana wari ba ta tahiya sai an tura, kuloci biyu na ƙona yanzu. Ko injin ne bai da ƙarfi?

Amsa: Ƙanena injinka bai yi laifin komi ba, lissafin haƙora ne bai zauna ba, kuma wallahi nan ne mafi yawan masu wannan aikin ke faɗuwa don haka bari in ɗan daɗe a nan.

Injin nan in ka taka shi ƙarshe juyi 3600 yake a minti. Haƙora 10 na jan 40, ke nan sai inji ya juya sau huɗu taya ta juya sau ɗaya, 3600 raba huɗu 900. Tayar moto mai inci 17 in ta juya sau ɗaya tana cin ƙasa wajen mita 1.8, to 900 sau 1.8 sau minti 60, ka ga ya fi kilomita 95 a awa. Ka saita ma ƴar motarka gudun da doki shidda ba zai taɓa kai ta ba, kamar ka ɗora ma jaki buhun albasa goma ka ce ya tashi da sukuwa daga tsaye. Shi kulocin nan ba ƙafa ke kama shi ba, juyi ne, cikinshi akwai takalma da sifirin ya riƙe, inji na sulo wajen 1400 ba su taɓa komi, sai ya kai kusan 2000 su buɗe su fara kama kwanon waje, kuma ba sa kamawa gam sai motar ta ɗauki gudun da ya yi daidai da juyin. Taka motar ba ta kai wannan gudun, sai takalman su yi ta gogar kwano. Ɗauko ɗaya cikin biyun da ka ƙona ka juya shi a rana, za ka ga kwanon ya koma shuɗi-shuɗi da ruwan ƙasa, sifirin ɗin ya saki ya yi laushi, ƴar tagullar tsakiya ta bushe ta yi baƙi, in ka girgiza ka ji tana ƙwal-ƙwal. Zafi ne ya yi wannan duka.

Magani shi ne ka rage juyin a mataki biyu. Sa wata gajeriyar sanda tsakanin inji da taya kan rulma biyu masu gida, sarƙa ta farko daga kuloci mai 10 zuwa pinyo mai 40 a kan sandar, a ɗaya gefen sandar ka sa ƙaramin pinyon moto mai 14 ya ja mai 42 a taya. Huɗu sau uku sha biyu, taya na juyi 300 a minti, gudun ƙarshe wajen kilomita 32 a awa, kuma ƙarfin tashi ya ninka uku kan yadda kake yanzu. In ka sa tayun adaidaita masu inci 8 a madadin na moto, su mita ɗaya da kwata suke ci, gudun ya sauko wajen 22, kuma ni a ganina nan ne daɗin abin yake, kana tahe mutane na ganin aikin hannunka da kyau kana gaisawa da su. Ka lura da sarƙa, 420 da 428 tazararsu ɗaya amma kaurinsu ba ɗaya ba, kowace sarƙa ta hau pinyon lambarta, kuma ka sa igiya ko miƙaƙƙen ƙarfe ka tabbata pinyo biyun na kallon juna sak in ba haka ba sarƙa ta yi ta faɗuwa. Wajen zaman inji ka yi ramukan noti dogaye yadda za ka iya ja baya ka ɗaure sarƙa in ta saki.

In aljihu da nauyi akwai wanda ya fi kuloci, wato na'urar bel mai canza giya da kanta irin ta cikin sukuta, ana sayar da ita da sunan TAV2 ko siri 30, tana tashi da ragi wajen 2.7 ta ƙare wajen 0.9, a rairayi ba abin da ya kai ta. In kuloci za ka ci gaba da shi, ɗiga ma tagullar tsakiya baƙin mai ɗigo biyu lokaci lokaci, kar ya taɓa takalman, kuma kar ka riƙa tahiya da rabin totur kana jan jiki, ko ka taka ta kama ko ka saki.

Tambaya daga wani ɗan lise a Tahoua: Kawu na ji an ce in an cire gwamnan inji gudu na ninkawa, ya ake cirewa?

Amsa: Ɗana ba zan koya maka ba, kuma ina roƙonka kar ka bari wani ya yi maka. Gwamna wani ɗan giya ne na roba a cikin inji mai ƴan nauyi biyu, juyi na ƙaruwa suna buɗewa su tura hannun da ke rufe kabureta, shi ke tsare injin kan 3600. Babban faifan da ke bayan igiyar ja, wanda fanka ke kai, ƙarfen zubi ne kuma an manna mishi maganaɗisu a gefe, an yi shi don wannan juyin ne. In ya wuce 5000 ya doshi sama maganaɗisun na iya ɓallewa ko faifan kanshi ya tsage, kuma ka tuna ina injin yake zaune, bayan kujerarka, tsakaninshi da ƙashin bayanka bai fi taƙi ɗaya ba. Sandar fisto ma alminiyo ce, baƙin mai kuma ba famfo ke kai shi ba wani ɗan cokali ne ke watsa shi. Waɗanda ka gani a bidiyo suna cirewa don tsere sai sun canza faifan da sandar fiston da sifirin bawul da na musamman, kuɗinsu ya fi na injin. Masu ɗaure hannun gwamnan da waya daga waje kuma sun fi kowa ganganci don giyan na nan ciki yana juyin da ya fi ƙarfinshi, ranar da ya watse gutsattsarinshi cikin inji za su zuba. In gudun ya yi maka kaɗan bayan ka iya tuƙi kuma birkinka ya tabbata, canza pinyo, rage haƙora kaɗan a na baya, wannan ita ce hanyar.

Tambaya daga wata uwa a Tahoua: Malam ina wuni. Mai gidana da ɗanmu mai shekara 13 sun duƙufa kan wannan motar a zaure, ni dai hankalina bai kwanta ba, ƙannenshi mata ma sun ce sai sun hau. In hana ko in bari?

Amsa: Lahiya lau Hajiya, Allah ya raya su. Ni dai ba zan ce ki hana ba, yaron da ya koyi awo da ɗaurin noti da lissafin haƙora a gaban babanshi ya samu abin da zai amfane shi har girma. Amma damuwarki na kan hanya, kuma akwai abubuwan da za ki tsaya a kansu kar ki sassauta ko an ce miki ke ba ki san mota ba.

Na farko kuma wanda ya fi tsorata ni a ƙasarmu shi ne sutura. Sarƙa da sandar taya na juyawa a buɗe dab da bayan mai tuƙi, mu kuma masu hijabi ne da gyale da rawani da babbar riga. Bakin hijabi in ya taɓa sandar da ke juyi sau ɗari uku a minti naɗe shi take yi kafin yarinya ta buɗe baki, kuma wuya yake ja. Don haka sarƙa da kuloci da sandar baya duka a rufe su da langa-langa, a sa bango tsakanin kujera da inji, wadda za ta hau ta sa ƙaramin hijabi ta cusa shi cikin riga, namiji ya aje rawani da babbar riga. In ba a rufe ba kar kowa ya hau ko da zagaye ɗaya ne a tsakar gida.

Sai birki. Ba katako mai gogar taya ba, ba takalmi a ƙasa ba, a samo birkin faifai na moto mai aiki da mai a ɗaura a baya, a gwada shi da babban mutum a ciki kafin yaro. A sa makashin inji kusa da sitiyari inda hannu ke kai ba sai an juya baya ba, waya ɗaya ce ba ta da tsada. A sa ma totur sifirin na biyu mai maido shi don ko igiyar ta tsinke inji ya koma sulo. A jikin hannun totur na irin injin nan akwai wani ɗan sukuru mai tsaida shi, in anka murɗa shi ciki inji ba ya kai ƙarshen juyinshi, ki ce ma mai gidan ya murɗa shi saboda yara har gudun ya zama wanda babba zai iya bi da sassarfa. Hular kwano dole, takalmi rufaffe ba silifa ba. Salansa na ƙona fata cikin ƙiftawar ido, a yi mata raga. Kuma kar a tada inji cikin zaure a rufe, hayaƙin na da iskar da ba ta wari ba ta launi tana kashewa, a tura ta waje tukuna.

Wajen hawa kuma fili, ba titi ba. Abin nan ba shi da takardu ba shi da inshora, ga shi ƙasa-ƙasa direban babbar mota ba ya ganinshi ta madubi, hanyar Konni da manyan motocin albasa ba wajenshi ba ne ko kaɗan.

Tambaya daga wani mai gyaran moto a Madawa: Mi ya sa ba za a sa injin moto 125 ba tunda da giyarshi ya zo?

Amsa: Ana sawa, yana da giya yana cajin batir. Amma shi iskar gudu ke sanyaya shi, in ka ɓoye shi bayan kujera kana tahiya a hankali cikin zafin watan Afrilu zai dahu, injin aiki kuwa da fankarshi yake ko a tsaye yana shan iska, shi ya sa ma ba a cire mishi murfin fankar don gayu. Kuma injin moto na kai wannan ƙaramin shasin gudun da bai dace da shi ba.

Tambaya daga wani a unguwar Wadata, Yamai: Tawa na tahiya amma da na shiga gargada ko kwana sai ta mutu, in na ja ta tashi. Kuma sitiyari na gardama ba ta son kwana. Sannan wane ƙarfe ya fi a shasi?

Amsa: Mutuwar nan kusan kullum na'urar tsaron baƙin mai ce, in mai ya karkata gefe sai ta ɗauka ya ƙare ta kashe wuta. Fara da duba man a wuri mai daidai, cikinshi kaɗan ne wajen lita 0.6, ragin da ba ka ɗauka komi ba ya isa ya jawo haka, cika shi har bakin ramin. In ya cika kuma ba ta daina ba wasu na cire wayar na'urar, in ka yi haka to ka ɗauki nauyin duba mai duk ranar da za ka tada. Sabon inji a juye man bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100 a takarda, amma da ƙurarmu ta hunturu ni ba na bari ya kai, kuma soson iska a wanke shi akai akai a ɗan shafa mai a matse, don injin a baya yake inda tayu ke tada ƙasa. Isansin kwalba a tace shi da tsumma mai tsabta kafin a zuba. Buji tazararshi mili 0.7 zuwa 0.8, bawul in inji ya huce na shiga 0.15 na fita 0.20.

Gardamar kwana kuma ina zargin ka haɗe tayun baya biyu kan sanda ɗaya gam. A kwana tayar waje na bukatar ta fi ta ciki juyi, in sun haɗe sai su tura motar gaba sak. Masu Cyclekart taya ɗaya suke ba ƙarfi ɗayar na juyi sake, a ƙasa mai tauri wannan ya wadatar, a rairayi irin namu na Ader ne taya ɗaya ke tona rami, nan sai ka zaɓa gwargwadon inda za ka fi hawa. A gaba kuma ƙusar tsaye da taya ke karkata a kanta in an juya sitiyari ka ɗan kwantar da samanta baya kamar digiri 7 zuwa 10 don sitiyari ya riƙa komowa tsakiya da kanshi, hannuwan da ke juya tayun kuma su karkata ciki yadda in ka ja zare daga kowane zai je tsakiyar sandar baya, haka tayar ciki za ta fi ta waje lanƙwasa.

Shasi ka sai bututu mai kusurwa huɗu 30 ko 40 mai kaurin mili 2, kar ka yi da bututun ruwa mai farin shafe, hayaƙin waldarshi na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, kar kuma ka yi da siririn da ake ƙofa da shi. Kujera ta sauka ƙasa iyakar iyawa, faɗin tsakanin tayu kar ya kasa mita ɗaya, don abin da ke kifar da waɗannan motocin tashi sama ne da ƙunci ba gudu kaɗai ba. Jiki kuwa nan ne kowa zai nuna kanshi, dogon hanci a gaba, kujera can baya, fitilu biyu zagayayyu, ƙarfen tano da anka buɗe anka daddale na yin hanci mai kyau ƙwarai kuma maƙeran Katako sun iya lanƙwasa shi, sai dai tanon da ya taɓa ɗaukar mai kar a kusance shi da wuta ko injin yanka sai an wanke an cika shi da ruwa, kuma duk bakin langa-langa a naɗe shi ciki kar ya yanki ƙafa. Amma kar ka fara jiki sai ka tuƙa shasin tsirara ka gyara birki da sitiyari sun zauna, in ka rufe da wuri duk gyara sai ka kwance fenti.

Wanda ya aiko tambayar sa fitila da hon, irin injin nan mafi yawansu ba sa caji, ƙaramin batirin moto da fitilar LED sun ishe ka, ka riƙa cajinshi a gida. Masu tambayar giyar baya kuma sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu, ku turo da hoton injin da lambar da ke jikinshi.